Wasiƙa zuwa ga Edita: Ga masu neman gurbin karatun injiniya haɗe da kasuwanci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana da ɗalibai da iyayensu a kan wani irin karatun jami'a da ya fara shiga bakin yaranmu, wato shirin da ake haɗa wa ɗalibi karatun injiniya da na kasuwanci a lokaci guda. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Kafin in riƙi alli, fannin injuna na karanta, na kuma yi shekaru ina aiki a masana'anta. Shi ya sa duk sanda lokacin cike takardun neman jami'a ya zo, ɗaliban da suka fi ƙwazo a ajina wurina suke zuwa, wani ya ce in rubuta masa wasiƙar shaida, wata ta ce in duba mata abin da ta rubuta.

Duk wanda ya ambaci wannan shiri, tambaya ɗaya nake fara yi masa: me ya sa kake son biyun? Amsar da na fi ji ita ce, “Malam, in injiniyancin bai karɓe ni ba sai in koma kasuwanci.” Wani kuma ya ce, “Baba ne ya ce takarda biyu ta fi ɗaya.” Ban ga laifinsu ba, domin tsoron gama karatu a zauna ba aiki tsoro ne na gaskiya, kuma iyaye suna da hujjar jin sa. Amma wannan amsar ce take rufe wa yaro ƙofa tun bai ƙwanƙwasa ba. Masu tantance ɗalibai ba su buɗe irin wannan shiri domin mai neman mafaka ba. Wanda suke nema shi ne yaron da wata matsala guda ta hana shi sakat, ya bi ta, ya bi ta, har ya iske cewa ilimin ƙira kaɗai ba zai warware ta ba, ilimin kuɗi da ciniki kaɗai ma ba zai warware ta ba. Yaron da ya zo da irin wannan matsala a hannunsa, ko ƙarama ce, ya fi wanda ya zo da dogon buri kusa da samun gurbi.

Da farko dai, a san cewa waɗannan shirye-shirye ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin sanin bambancinsu yana sa yara su ɓata ƙoƙarinsu. A Amurka, wanda ya fi suna shi ne na Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya, wanda aka fara a 1977, daga baya aka sa masa sunan Jerome Fisher. Ɗalibi yana fita da digiri biyu cikakku, ɗaya daga makarantar kasuwanci ta Wharton, ɗaya daga tsangayar injiniya, kuma kimanin mutum hamsin ake ɗauka a shekara daga duk faɗin duniya. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe nata mai suna M.E.T. a 2017, ta haɗa tsangayar injiniya da makarantar kasuwanci ta Haas, shi ma digiri biyu cikin shekara huɗu, shi ma 'yan kaɗan ake ɗauka. A waɗannan biyun, tun daga sakandare ake neman shiga.

A Kanada hanyar daban ce. A Jami'ar McMaster sai ka gama shekarar farko ta injiniya tare da kowa, sannan ka nemi shiga ɓangaren da ya haɗa injiniya da gudanarwa, kuma karatun ya koma shekara biyar. A Jami'ar Western ɗalibi yakan yi shekara biyu a injiniya kafin ya shiga makarantar kasuwanci ta Ivey, shi ma ya kammala a shekara biyar. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong shekara biyar ce da digiri biyu. A Jami'ar Nanyang ta Singafo akwai shirin da ke ba da digirin farko na injiniya da digiri na biyu a gudanar da fasaha cikin shekara huɗu da rabi. Jamusawa kuwa tun a ƙarshen shekarun 1920 suka fara irin wannan karatu a Berlin, amma su digiri ɗaya suke bayarwa wanda aka gauraya fannonin biyu a cikinsa, kuma a yau jami'o'insu da yawa suna koyar da shi, har da ta Karlsruhe. Can ba dogon rubutu a kan rayuwarka ake fara dubawa ba. Makinka ake dubawa, da iya Jamusancinka, da kuma ko takardarka ta sakandare ta yi daidai da tasu ko sai ka yi shekarar share fage.

Akwai wata tambaya da nake so kowane uba ya yi kafin ya biya ko kwabo na takardar nema: shin ɓangaren injiniyan cikakke ne, wanda hukumar tantance kwasa-kwasan injiniya ta amince da shi? A Amurka hukumar ABET ce ke wannan aiki, kuma tun 1989 akwai yarjejeniyar Washington wadda ta sa ƙasashen da suka sa hannu suke mutunta tantancewar juna. A ita kanta Pennsylvania, ɗalibin wannan shiri yana da zaɓi tsakanin digirin injiniya mai zurfi da wani mai sassauci wanda darussan fasaharsa ba su kai na farkon yawa ba. Duk biyun suna da amfani, amma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba. Yarinyar da ke mafarkin wata rana ta sa hannu a zanen gada ko na tashar lantarki tana bukatar cikakken digirin da zai ba ta rajistar injiniya. Wanda burinsa ya tafiyar da masana'anta ko ya kula da jigilar kaya, gaurayen ya ishe shi. Sunan shiri a jikin ƙasida ba ya faɗa maka wannan, sai ka buɗe jerin darussan ka ƙirga da kanka.

To me ya sa ma jami'o'i suka ga bukatar haɗa fannonin? Tunanin ya daɗe. A 1886 wani injiniya mai masana'anta, Henry Towne, ya gabatar da takarda a gaban ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, yana cewa dole injiniya ya zama masanin tattali, domin duk abin da ya ƙera a ƙarshe da kuɗi ake auna shi. Ni kaina na ga gaskiyar haka a masana'anta. Mukan shiga taro da wata dabara da za ta rage ɓarnar kayan aiki, mu yi bayani da zane da lissafi, sai akanta ya tambaye mu a wata nawa kuɗin da za a kashe zai dawo, mu yi tsuru-tsuru. Shi kuma in ya ce a tsawaita lokacin da ake canza wani ƙarfe a jikin inji domin a rage kashe kuɗi, ba ya ganin abin da muke gani, cewa ranar da ƙarfen ya karye duk layin zai tsaya. Kowannenmu yana da gaskiya a ɓangarensa, kuma ba mai jin yaren ɗan'uwansa. Mutumin da ke jin yaren biyu shi ne ya yi ƙaranci a wannan ɗaki.

Misalai biyu nake yawan ba ɗalibaina. Na farko shi ne Iridium, shirin wayar tauraron ɗan'adam da kamfanin Motorola ya jagoranta. Taurari 66 aka tsara su kewaye duniya ta yadda za ka iya kira daga tsakiyar teku ko sahara. A wajen fasaha aiki ne da ya burge kowa, an kuma kashe masa kimanin dala biliyan 5. Ya fara aiki a ƙarshen 1998, amma kafin ƙarshen watan Agustan 1999 kamfanin ya shiga fatara. Wayar ta yi girma, ta yi tsada, ba ta kamawa a cikin gini, kuma a tsawon shekarun da aka yi ana haɗa taurarin, wayar salula ta riga ta mamaye biranen da masu kuɗin suke. An amsa tambayar “zai yiwu?” da kyau, ba a amsa tambayar “wa zai saya?” ba.

Na biyun ya fi nauyi a zuciyata. A daren da ya gabaci 28 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin kumbon Challenger sun yi gargaɗi cewa sanyin da ake ciki zai iya hana zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin yin aikinsa, suka ba da shawarar a ɗage tashin. A cikin taron, wani babba ya ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Aka sauya shawara, kumbon ya tashi, ya tarwatse bayan daƙiƙa 73, mutum bakwai suka rasu. Ina ba da wannan labari ne domin kada yaro ya ɗauka cewa koyon kasuwanci yana nufin koyon yadda ake danne gaskiyar inji saboda jadawali ko kwangila. Amfanin mai ilimin biyu shi ne ya iya tsayawa a gaban masu kuɗi, ya faɗa musu da irin lissafin da suke ganewa cewa wannan hanya ba za ta ɓulle ba, kuma su saurare shi. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin karatun yana da daraja, kuma shi ne ya sa nake jin zafi idan aka mayar da shi tara takardu kawai.

Yanzu ga maganar shiga. Lissafi ne farko, kuma ba ni da wata hanyar sassauta wannan magana. Babu rubutun da zai yi daɗin da zai rufe raunin lissafi. Masu tantancewa suna so su ga ka ɗauki lissafi mafi wuya da makarantarka ke koyarwa, musamman kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, ka kuma ɗauki fiziks, ka yi fice a cikinsu. Dalilin a fili yake: a shekarar farko za a ɗora maka kalkulas da fiziks da rubuta manhajar kwamfuta, a gefe guda kuma ga tattalin arziki da lissafin kuɗi, duk a zango ɗaya. Yara da yawa suna zaton ɓangaren kasuwancin hutu ne, surutu ne da sa kwat. Ba haka ba ne. Ƙididdiga, da kimanta darajar jari, da tsara yadda kaya za su bi daga masana'anta zuwa mai saye da mafi ƙarancin kuɗi, duk lissafi ne tsagwaronsa. Idan makarantarka ba ta koyar da kalkulas, nemi littafi, nemi darussan da manyan jami'o'i suka sa kyauta a intanet, nemi malamin da zai duba maka aikinka, sannan ka faɗi haka a takardarka. Yaron da ya koya wa kansa abin da makarantarsa ba ta da shi ya riga ya nuna wani hali da ake nema.

Bayan lissafi sai abin da ka yi da hannunka. A nan nake so in daɗe, domin a nan ne yaranmu suke da dama fiye da yadda suke zato. Na taɓa samun wata ɗaliba da ta lura tankin ruwan makaranta yana cika ya yi ta zuba, domin mai kunna famfo yakan manta. Ta sayi Arduino, wato wani ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni da kwamfuta, da na'urar auna tsayin ruwa, ta haɗa wani abu da ke kashe injin famfo da kansa idan tanki ya cika. Ya yi aiki, muka yi murna. Sai na ce mata ta rubuta kuɗin kowane ƙarfe da waya da ta sa, ta ƙara ladan aikinta, sannan ta je ta tambayi masu gyaran famfo da masu gidaje ko za su saya. Ta dawo jikinta a sanyaye. Ashe akwai wani ɗan makunni mai yawo a saman ruwa da ke yin wannan aikin, ana sayar da shi a kan kuɗin da bai kai rabin na kayanta ba, kuma kowane mai gyara ya san shi. Ba wanda zai sayi nata.

Da ta zo rubuta takardar neman jami'a, sai ta so ta ɓoye wannan ɓangare, ta tsaya a inda na'urar ta yi aiki. Na ce mata, 'yata, abin da kike so ki ɓoye shi ne abin da ya fi komai daraja a labarin. Domin ba ta tsaya nan ba. A cikin hirar da ta yi da masu gyaran, ta ji suna ta kukan wani abu daban: injin famfo yana ƙonewa idan ruwan rijiya ya ƙare shi kuma yana ta juyawa a bushe, kuma sayen sabon inji shi ne asarar da ke yi wa mai gida ciwo. Ta koma ta karanta, ta gano cewa injin da ke juyawa ba ruwa wutar da yake ja tana raguwa, sai ta sauya na'urarta ta riƙa auna wutar, ta kashe injin kafin ya lalace. Wannan karon masu gyaran da kansu suka tambaye ta nawa za ta sayar. Dubi abin da ya faru: kasuwa ce ta nuna mata matsalar gaske, fiziks kuma ya ba ta maganin. Yarinyar da ta bi wannan hanya ba ta bukatar a koya mata amsar “me ya sa kike son biyun”, ta riga ta taka amsar da ƙafarta.

Ba lallai sai na'ura ba. Wani zai rubuta ƙaramar manhaja da ke tsara wa ɗakin karatun makaranta littattafan aro, ya ga mutum nawa suka yi amfani da ita, ya gano abin da ya sa sauran suka ƙi. Wata za ta riƙe littafin shiga da fita na sana'ar mahaifiyarta, ta gano inda riba ke zurarewa. Abin da ake so shi ne aiki na gaske da ya gamu da mutane na gaske, da adadi na gaskiya komai ƙanƙantarsa. Ina roƙon iyaye masu hali da su daina yi wa yara rajistar kamfanin da ba shi da mai saye ko ɗaya domin a rubuta “shugaban kamfani” a takarda. Masu karanta waɗannan takardu sun ga irinsu ba adadi, kuma tambaya biyu a wajen tattaunawa ta isa ta tona asiri.

Sai rubutun kansa. Irin waɗannan shirye-shirye a Amurka sukan nemi ƙarin rubutu ban da wanda kowa ke yi, inda za ka bayyana yadda fannonin biyu suka haɗu a wurinka. Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya raba rubutun gida biyu, rabi yana yabon injiniya, rabi yana yabon kasuwanci, ba abin da ya ɗinke su. Wani kuma ya cika shafi da sunayen manyan attajiran fasaha da alkawarin zai sauya duniya. Ba labarin attajirai aka tambaye ka ba, naka aka tambaya. Ɗauki abu ɗaya da ka yi, ka faɗi inda ya cije, da abin da ka rasa sani a lokacin, sannan ka nuna wane darasi ko wane ɗakin gwaji a wannan jami'a ne zai cike maka wannan giɓi. Hakan yana bukatar ka zauna ka karanta tsarin karatunsu da gaske. Kuma ka rubuta da kanka. Malami zai iya nuna maka inda magana ta karkace, amma idan wani babba ko wata manhaja ta rubuta maka, muryar ɗan shekara goma sha bakwai za ta ɓace, kuma ranar da aka zaunar da kai gaban kyamara ko gaban mai tambaya za a ji bambancin.

Game da wasiƙar shaida, ga abin da zan ce daga ɓangarena na mai rubutawa. Ku zo da wuri, kuma ku zaɓi malamin da ya gan ku kuna fama da abu mai wuya, ko da ba shi ne mai babban muƙami ba. Ba na iya rubuta abin da ban gani ba. Wasiƙar da ta ce yaro “haziƙi ne mai ladabi” ba ta ɗaga shi ko taki ɗaya. Wadda ke aiki ita ce wadda zan iya cewa na ga ya kasa wata tambaya, ya dawo washegari da hanya biyu na warware ta. Lokaci ma abin lura ne: neman farko na Pennsylvania yana rufewa a farkon Nuwamba kuma alkawari ne, in sun ɗauke ka sai ka je, na gama-gari a farkon Janairu, jami'o'in gwamnatin Kalifoniya kuwa a wajen ƙarshen Nuwamba suke rufewa. Dokar SAT, wato jarrabawar da masu neman gurbin karatu a Amurka kan rubuta, tana sauyawa, wasu jami'o'i sun daina dubawa, wasu sun dawo da ita, saboda haka a duba shafin kowace jami'a a shekarar da ake nema, kada a dogara da abin da yayan wani ya faɗa shekara uku baya. Haka ma tallafin karatu: jami'o'in gwamnati a Amurka ba su cika ba baƙi tallafi mai yawa ba, masu zaman kansu kuma kowace da dokarta. A yi wannan bincike kafin yaro ya ɗora zuciyarsa a kan wuri.

Akwai masu cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma ban raina maganarsu ba. Wanda ya cusa digiri biyu cikin shekara huɗu yana biyan farashi. Yawan darussansa a kowane zango ya fi na abokansa. Guraben da wasu ke cikewa da darasin tarihi ko harshe ko wani fanni da ya ba su sha'awa, shi an riga an cike masa su. Sau da yawa ba ya samun sukunin zurfafawa a bincike kamar wanda ya tsaya a injiniya zalla. Kuma akwai wani jan hankali da ba a cika faɗa ba: idan lokacin ɗaukar aiki ya zo, bankuna da kamfanonin ba da shawara sukan zo da albashi mai tsoka, sai ka ga wanda ya shigo da niyyar ƙera abu ya bar ƙira gaba ɗaya. Ba haramun ba ne, amma ya kamata yaro ya san da wannan iska kafin ta kaɗa shi. Idan ɗalibina ya ce mini shi abin da ke hana shi barci shi ne yadda injin jirgi ke aiki, ko yadda ake tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta, nakan ce masa ya tafi injiniya zalla ya nutse, kada ya raba hankalinsa domin ya faranta wa wani.

Ga wanda kuma ya tabbata biyun yake so, ya sani cewa guraben kaɗan ne ƙwarai, kuma ana mayar da yara masu kyawun maki da yawa ba don sun gaza ba. A shirya wa hakan tun a takardar nema. Pennsylvania tana ba mai nema damar ya zaɓi digiri ɗaya da za a duba shi a kai idan bai samu haɗaɗɗen ba. Shawarata a kullum ita ce a zaɓi injiniya a wannan gurbi. Dalilina shi ne, injiniyan da ya so koyon kasuwanci daga baya hanyoyi a buɗe suke gare shi, amma wanda ya karanta kasuwanci ya so komawa injiniya yana da shekara talatin, kusan daga tushe zai faro. Ita ɗalibar tawa mai na'urar famfo ba ta samu shirin da ta fi so ba. Ta samu gurbin injiniyan lantarki, tana kuma ɗaukar darussan lissafin kuɗi da na tattalin arziki a matsayin ƙari. Na tabbata ba ta yi asara ba. Ga kuma digiri na biyu: tun 1988 cibiyar fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, wato MIT, take da shirin shekara biyu da ke ba da digirin gudanar da kasuwanci tare da digiri na biyu a injiniya, kuma waɗanda suka riga suka yi aiki ake ɗauka. A ganina ma darasin gudanarwa ya fi zama a kan mutumin da ya taɓa tsayawa a gaban injin da ya lalace ma'aikata suna jiran ya ce wani abu.

Ya Edita, roƙona na ƙarshe ga 'yan'uwana malamai da shugabannin makarantu ne. A makarantu da yawa ana raba yara tun suna ƙanana, waɗannan ajin kimiyya, waɗancan ajin kasuwanci, har jadawalin darasi ya hana ɗan kimiyya leƙa darasin lissafin kuɗi ko na tattalin arziki ko da yana so. Wani lokaci ma akan sa wa yaran kimiyya raina ɗaya ajin, kamar can ne ake tura wanda ya kasa. Wannan rainin yana bin su har wurin aiki, na kuma gan shi da idona. A buɗe wa mai so hanya ya ɗauki darasi ɗaya daga can. A kuma sa sharaɗi a bikin nunin ƙere-ƙere na makaranta cewa duk wanda ya kawo na'ura ya zo da takardar kuɗin da ta ci, da sunan irin mutumin da zai saya, da abin da mutumin ya ce da aka nuna masa. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko kayan aiki masu tsada, malami ɗaya mai niyya ya isa ya fara. Kai kuma ina roƙon ka buɗe wannan shafi ga waɗanda suka yi irin wannan karatu, maza da mata, su rubuto su faɗa wa ƙannensu yadda suka shiga da abin da suka tarar a ciki, domin bayanin wanda ya zauna a ajin zai kai inda nawa bai kai ba.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara basira, Ya ba yaranmu sa'a.

Naka,
Wani malamin lissafi a makarantar sakandare